Gudawar haƙori ce, ko in kai shi asibiti?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Don Allah a taimaka min, yarona wata bakwai, tun shekaranjiya yake gudawa kamar ruwa ga zafin jiki, yau ko nonon ma baya kamawa sosai, na shafa maɗigarsa na ji ta lotsa. Uwar mijina ta ce haƙori ne, kowane yaro sai ya yi, mai kemis ɗin unguwarmu kuma ya haɗa mana sirop ɗin haƙori da Flagyl. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Daga wata uwa a Jega.

Amsa: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, in yaron nan yana gida yanzu to ki goya shi ku nufi asibiti, sauran bayanin kya karanta a hanya. Maɗiga ta lotsa, ya rage kama nono, ai ruwan jikinsa ne ke ƙarewa, kuma jariri ba ya da ruwan da zai jira gobe. Ki duba idonsa ko ya faɗa, ki ɗan tsunkuli fatar cikinsa ki saki, in ta tsaya a tattare bata koma nan take ba to abin ya yi nisa, wataƙila sai an yi ƙarin ruwa.

Kafin ku isa, nono kar ya tsaya. Ki kaɗa ORS, wato garin gishiri da sukari na gudawa, leda ɗaya a tafasasshen ruwan da ya huce, daidai awon da aka rubuta a ledar, ki riƙa ba shi da cokali kaɗan kaɗan, kwatan kofi zuwa rabi bayan kowace gudawa, in ya yi amai ki dakata minti 10 ki ci gaba. Wanda ya kai awa 24 a zubar. Sai zink, miligiram 20 kullum tunda ya wuce wata shida, kwana 10 zuwa 14, ko gudawar ta tsaya a cinye shi.

To yanzu maganar haƙori, wallahi wannan kalma ta ishe ni. Kullum sai an shigo min da yaro ya yi laushi ido ya juye, ka tambaya tun yaushe a ce ai mun ɗauka haƙori ne. Haƙori iyakarsa ƙaiƙayin dasashi, dalalar da yawu, rigima, ya ciji duk abin da ya samu. Baya sa gudawa kamar ruwa, baya kai zafin jiki digiri 38. Abin da ke faruwa shi ne lokacin da haƙori ke fitowa shi ne lokacin da yaro ya fara zama da rarrafe, ya ɗauki takalmi ya kai baki, ya dafa inda kaji suka yi kashi ya tsotsi hannu, an fara ɗura masa kunun da aka dama tun safe ya wuni a fulas ko a buɗe ƙuda na bi, garkuwar da ya samo daga cikin uwa kuma ta fara ja da baya. Ƙwayar cuta ce ta shiga, haƙorin dai zuwansu ne ya zo ɗaya. Su inna ba mugunta suke ba, abin da suka taras ne, amma ki tambaye su 'ya'ya nawa aka binne da sunan haƙori.

Zazzaɓin kuma, a Kebbi muke fa, ga fadama ga shinkafa ga sauro, jihar nan tana sahun gaba a maleriyar yara a ƙasar nan, shi ya sa ma da aka fara allurar riga-kafin maleriya a Disambar 2024 da mu da Bayelsa aka fara. Yaro ya yi zafi a nan gwajin jini ake yi, na ɗan yatsa, minti 15 zuwa 20 an gani.

Shi kuma mai kemis, da bai ga yaro ba bai auna nauyinsa ba ya haɗa magani, Allah ya shirye shi. Yawancin gudawar yara irin wannan bairos ke kawo ta, Flagyl ba abin da zai yi mata sai ƙara masa tashin zuciya. Sirop ɗin haƙori kuwa, mutane sun manta da My Pikin, daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara sama da 80 suka rasu a Najeriya saboda gubar da ke cikinsa ta kashe musu ƙoda, maganin cutar da babu ita. Wasu kuma har da ɓare kafso a juye wa jariri a baki, wasu a kwaɓa magani a shafe maɗigar wai ta taso. Maɗiga ruwa ke taso da ita, ta ciki.

In kun je ki tafi da katin riga-kafinsa a duba ko ya samu ɗigon rota, wato riga-kafin wani bairos mai kawo gudawa, na sati 6, 10 da 14, tun 2022 aka sa shi a jerin na gwamnati kuma kyauta ne. Ki tafi da kwalaben da aka ba ku a kemis ma, likita ya ga abin da yaron ya sha. In maigidan baya nan a kira shi a waya ya ba da izini, kar a ce sai ya dawo daga kasuwa. Allah ya ba shi lafiya.