Amfilifayar jitata ta rage murya, me ya same ta?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ina kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan majami'armu a Yelwa, Bauchi. Muna da tsohuwar amfilifaya Peavey Bandit da aka sayo gwanjo shekaru da yawa. Tun bara muryarta ke raguwa. Wata rana ta yi ƙara lafiya, muna cikin waƙa sai ta koma kamar rediyon aljihu. In na buga saman akwatin da hannu, ko na kaɗa igiyoyin da ƙarfi, takan dawo na ɗan lokaci. Wani mai gyara ya ce sifika ce, in kawo kuɗin sabuwa. In saya?

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Sifikar da ta lalace ba ta warkewa don an mari akwatinta. In ta ƙone sai ka ji shiru, in kuma zarenta na gogar maganaɗisu sai ka ji ƙarar karce kullum. Muryar da ke tafiya ta dawo, musamman in an girgiza ta, tana nuna inda ƙarfe biyu ya kamata su haɗu amma datti ko tsatsa ya shiga tsakaninsu.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Ari wayar jita ta wani, ka gwada. Ka ari jitar kanta ma in akwai. Na sha ganin an ɗauko amfilifaya a Keke Napep har shago, ashe wayar ce ta karye a wuyan kanta.

In ba su ba ne, juya bayan akwatin. Za ka ga ramuka biyu, ɗaya an rubuta Send, ɗaya Return. Nan nake zargi fiye da ko'ina, kuma nan ne masu gyaran rediyo da yawa ba sa dubawa, don rediyo ba ta da su. Amfilifayar jita gida biyu ce. Na gaba yana karɓar ɗan siririn sautin jita ya gyara shi, na baya yana ba shi ƙarfin da zai tura sifika. Waɗannan ramuka ƙofa ce tsakaninsu. In ba a sa komai a ciki ba, wani ɗan harshen ƙarfe a cikin ramin yana kwance a kan ɗan'uwansa, kuma duk sautinka ta wannan ɗan wurin yake bi, wurin da bai fi kan allura ba. Ramin da aka shekara goma ba a soka masa komai ba, ga ƙurar hunturu, ga damshin damina, dole ya yi tsatsa. Da ka kaɗa da ƙarfi sai sautin ya ratsa tsatsar na ɗan lokaci, shi ya sa take yaudararka.

Gwajin minti ɗaya ne. Samu gajeriyar wayar jita, soka kai ɗaya a Send, ɗaya a Return. In murya ta dawo ta zauna, ka kama ɓarawon. Kana iya barin wayar a nan har abada, ba abin da za ta ɓata. In kana son gyara, cire wuta, fesa maganin wanke kayan lantarki a kan bakin waya, ka soka ka zare kamar sau 20 a kowane rami. Kada ka sa man fetur, kananzir ko man inji. Mai yana kama ƙura, bayan wata biyu abin ya fi da muni. In akwai ramin sa abin saurare na kunne, yi masa haka, shi ma yana da irin wannan harshe. Sai maɓallan murɗawa: wanda ya yi ƙaraf-ƙaraf in an juya shi, yana son wanki.

Wayar ba ta canza komai ba? To, rage ƙarar wayarka ta hannu sosai, ka haɗa ta kai tsaye da Return, ka kunna waƙa, kana ƙarawa a hankali. In ta fito tsaf ba yankewa, gidan baya da sifika lafiyarsu ƙalau, cutar tana gaba. Sau da yawa dalma ce ta tsage a ƙafar ramin da ake soka jita, saboda ana taka waya ana fizge ta. Da gilashin ƙara girma za ka ga tsagar kamar siririn zobe kewaye da ƙafar. Aikin minti biyar ne ga mai ayan narka dalma.

Maganar sifika kuwa, kada a yi ta da baki. A cire wayoyinta a auna da mita. Sifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta) takan nuna tsakanin 6 da 7, wannan daidai ne. Sa yatsu kewaye da tsakiyar takardar fuskar sifikar, ka danna a hankali: ta shiga ta fito shiru, lafiya lau. Ka duba ma ƙananan ƙarafan da ke riƙe wayoyin, sukan saki.

Wutar gari fa? Ƙa'idarta a Najeriya bolt 230 ne. In ta faɗi zuwa 180, amfilifaya za ta rasa kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfinta, amma kunne ba ya jin hakan a matsayin babban rashi. Sai ƙarfi ya ragu kusan ninki goma kafin kunne ya ce murya ta koma rabi. Abin da za ka lura shi ne sautin yana saurin fashewa. Don haka ba ita ce ta mayar maka da ita rediyon aljihu ba. Sai dai ka karanta rubutun bayanta. Kayan gwanjon Amurka na bolt 120 ne, kuma in taransifomar da ke sauke musu wuta ƙarama ce, ko soket ɗinta ya saki, ita ma a duba ta.

Kafasita, wato ƙananan gwangwanayen da ke ajiye wuta a cikin amfilifaya, su ne na ƙarshe a jerina, ko da yake su aka fi ɗora wa laifi. Gaskiya ne ruwan cikinsu yana bushewa bayan shekara 20 ko 30, zafinmu na watan Afrilu kuma yana gaggauta hakan. Amma alamarsu gurnani ne a ƙasa-ƙasa, da sauti mai kauri da ya zama fayau. Ba ka ambaci gurnani ba.

Amfilifayarka mai tiransista ce, ba mai bawul ba. Ga masu karatu da ke da mai bawul, irin tsofaffin Fender da Marshall masu kwalabe da ke ja in sun yi zafi: ƙaramin bawul 12AX7 kana iya sauya shi da kanka in ya huce, amma manyan, 6L6 ko EL34, galibi sai an daidaita musu wuta. Kada a kunna ta ba sifika, taransifomar fitar da sauti na iya ƙonewa. Kada kuma a sa hannu ciki, kafasitocinta kan riƙe bolt 400 ko fiye ko bayan an cire ta daga wuta.

In za ka koma wurin mai gyaran, tafi da jitarka da gajeriyar wayar nan, ka ce ya yi gwajin a gabanka kafin ya kwance ko noti ɗaya.