Ga mai tambaya kan fili da gidajen ƙaramin layin dogo

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ce ka shimfiɗa ƙaramin layin jirgin ƙasa na kwaikwayo, mai ma'aunin da ake kira HO, a kan falanki, ka sayo koriyar ciyawar roba da gidajen da ake harhaɗawa, amma abin ya fito kamar kayan wasan yara maimakon tashar ƙauyen Arewa da kake so. Na daɗe ina wannan harka, kuma a ganina ba kaya ne suka yi maka kaɗan ba, launi ne bai dace ba. Kayan nan an yi su ne don mai kwaikwayon Jamus ko Ingila, mu kuwa ƙasarmu ja ce, kuma fiye da rabin shekara a bushe take.

Fara tsayar da lokaci: rani ko damina? Ni rani nake zaɓa. A nan kuka tsirara take, gawo kuwa a lokacin yake da ganye, sai damina ta sauka ya zubar. Wanda ya tashi a karkara zai gane in ka juya su. Kuka ba wuya: murɗa siraran wayoyi, ka ware bakinsu su zama rassa, ka shafa POP (farar hodar da ake yin silin da ita) a jiki ya yi kauri. Busasshiyar ciyawa kuma, zaren buhun algarara da aka yayyanka ya fi duk wadda na taɓa saya.

Tudu da kwari da farin kumfan da ke zuwa cikin kwalin firiji nake yin su. A manna da farin gam irin Top Bond, a bi da POP siriri. Kada fentin feshi ya taɓa kumfan kai tsaye, narkar da shi yake yi.

Ƙasar ce aikin gaske. Ɗebo ainihin jar ƙasa, ka soya ta a tsohuwar tukunya don ƙwari su mutu, ka tankaɗe da rariya mai laushi sosai. Sannan ka ja maganaɗisu a cikinta. Duk abin da ya maƙale ka zubar, in ba haka ba a injin jirginka zai ƙare. Barbaɗa ta a bushe, ka fesa ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke, sai ka ɗiga gam da aka tsinka rabi da rabi da ruwa. Gam yana sa ta yi duhu, don haka ka fara da wadda ta fi haske, kuma ka gauraya da ɗan farin yashi a inda ƙafa ke bi.

Gidaje kuma ma'auni ke ɓata su. HO kashi 1 ne cikin 87, wato mutum bai wuce santimita 2 ba, ƙofa mai mita 2 milimita 23 ce, katanga mai mita 3 kusan santimita 3 da rabi. Yanka kwali, ka shafe shi da POP haɗe da tankaɗaɗɗiyar ƙasar nan, ka daddanna da yatsa kafin ya bushe. Ginin ƙasa ba shi da kusurwa mai kaifi, gindinsa ya fi samansa kauri. Sa zankwaye a kan soro, ka yi indararo da ɗan guntun tsinken tsintsiya, ka ja baƙi-baƙin zubar ruwa a ƙarƙashinsa. Rufin kwano kuwa, danna takardar alminiyam a kan zaren doguwar ƙusar noti, ka ɗan ba shi tsatsa.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba: tsohon layin Legas zuwa Kano faɗinsa milimita 1,067 ne, a HO kusan milimita 12 ke nan. Naka mai milimita 16.5 ya fi dacewa da irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Ban ce ka kwance ba, da wuya wani ya auna maka.

Kafin hunturu ka tanadi leda ko mayafin rufewa. Ƙura ba ta cutar da filin, ƙara masa kyau ma take yi, amma in ta kwanta kan dogo wutar lantarki ba za ta isa ƙafafun jirgin ba.