Amsa ga mai son zuba ƙwan kasuwa a injin ƙyanƙyasa

Ka tambaye ni ko za ka iya sayo ƙwan zabi a kasuwar ƙauye ka zuba a inji, tunda damina ta kankama kuma ƙwan ya yi araha. Da wani abu ka tambaya da na ce ka buɗe ido ka ga yadda nake yi, amma wannan tambaya ta sosa mini inda har yau yake yi mini ƙaiƙayi.

Shekarar da na sayi injina na farko, wani dillali da muke gaisawa a kasuwa ya kawo mini ƙwan zabi guda 300, ya rantse da girman Allah cewa duk na makon nan ne, kuma daga gida ɗaya suka fito inda akwai isassun mazan zabi. Na ga ƙwan fes, babu ko ɗigon kashi a jikinsu, sai na ji daɗi, alhali wannan tsabtar ita ce ya kamata ta tsorata ni. Wanke su ya yi. Ƙwai yana da wani siririn rufi a kan ɓawonsa wanda yake hana ƙwayoyin cuta shiga, kuma da zarar ruwa ya taɓa shi rufin ya tafi. Daga baya na gano cewa tsintar su ya yi ta yi daga hannun yara masu bin sheƙar zabi a gonaki, wasu sun yi mako uku rana tana dukansu, wasu ma zabuwa ta fara kwanci a kansu aka kore ta.

Ban haska ko ɗaya da tocila don in ga abin da ke cikinsa ba, domin na ɗauki rantsuwa a matsayin shaida. Na riga na karɓi kuɗin kafin alƙalami daga mutum huɗu, na kuma yi ta zuba wa janareta mai dare da rana saboda wuta ba ta tsayawa. A kwana na 20 wani baragurbi ya fashe a cikin injin, wari ya cika gidan har uwargida ta kwashe yara ta koma ɗakin maƙwabta, ruɓar kuma ta fantsama a kan masu kyan da suka rage. Ranar da kwana 28 ya cika, tsaki 41 na ƙirga, kusan rabinsu kuma ba su kai mako ba. Na sayar da tunkiyata na biya mutane kuɗinsu. Da na tare dillalin, ko kunya bai ji ba, ya ce mini ƙyanƙyasa ai nufin Allah ce. Har yau idan muka haɗu shi yake fara miƙo hannu.

Saboda haka kada ka zuba ƙwan da ba ka san gidan da ya fito ba. Ka je da ƙafarka ka ga garken, ka ƙirga mazan, domin namijin zabo ba kamar zakara ba ne da zai wadaci kaji goma, ya fi son ya riƙe mace ɗaya ko biyu. Ƙwan kada ya wuce kwana 7 da sakawa, a ajiye shi a inuwa, tsininsa yana kallon ƙasa. A kwana na 10 ka kashe fitila ka haska kowanne da tocila mai ƙarfi, saboda ɓawon ƙwan zabi ya fi na kaza kauri: wanda ka ga jijiyoyin jini sun bazu a ciki ka mayar, wanda yake fayau ko yake da zoben jini ka fitar da shi nan take, kada tausayin kuɗinka ya hana ka.

Batun zafi da juya ƙwai ba zan ɓata bakina ba, wanda ya yi wata shida yana share mini akurki ya san zafin inji digiri 37.5 ne a ma'aunin Celsius, ya kuma san ana daina juyi kwana uku kafin ƙyanƙyasa a ƙara ruwa a tire. Sai dai ku yaran yanzu kun fi yarda da wanda kuka gani a Facebook yana nuna tsaki dubu, ba ku taɓa tambayar ƙwai nawa ya zubar a bayan gida ba.

Da shawarata za ka bi, bana ko kusa da injin ba za ka je ba. Ka nemi kazar gida mai kwanci, ka sa mata ƙwan zabi 12 da daddare, ka zauna ka koyi haska su a ƙarƙashinta. Idan ta fito maka da goma, ka zo mu yi maganar inji, kuma man janareta daga aljihunka zai fito.