Shafin shagona yana cijewa a waya, in ƙara kuɗin sabar?

Wata Hajiya mai shagon atamfa da leshi a Kasuwar Sheikh Gumi ta aiko da tambaya. Shafinta na intanet yana buɗewa lafiya lau, amma da mai saye ya fara ja ƙasa ko ya danna zaɓin launi, sai ya riƙa cijewa. Yaron da ya gina mata shi ya ce ta ƙara kuɗi a koma sabar da ta fi ƙarfi.

Hajiya, kada ki fitar da ko kwabo tukuna. Aikin sabar shi ne kawo shafin zuwa waya. Tunda ya iso da wuri kuma daga baya yake cijewa, matsalar tana cikin wayar mai saye, inda burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, ke aikinta.

Kafin burauza ta nuna wani abu, sai ta lissafa faɗi da tsawo da mazaunin kowane hoto da rubutu. Yawancin wayoyi suna sabunta allo sau 60 a daƙiƙa, wato kusan milisakan 16 ne take da su a kowane zagaye. Ki ɗauka yaron shagonki ya matsar da turmi ɗaya, kin ce ya auna dukan kanta, ya matsar da na biyu, kin sake cewa ya auna, haka har turmi ɗari uku. Abin da rubutun JavaScript (umarnin da ke sarrafa shafin) mara tsari ke yi ke nan: ya canza girman abu, nan take ya tambayi awonsa ta offsetHeight ko getBoundingClientRect, dole burauza ta sake lissafi kafin ta amsa. Wanda ya gina shafin ba zai ji ba a kwamfutarsa. Mai ƙaramar itel a Rigasa ita ce za ta ji, kuma ba za ta kira ki ba, wani shagon za ta koma.

Ki kira mai gina shafin ya zauna gabanki. Ya buɗe DevTools, wato kayan binciken shafi na Chrome, sashen Performance, ya rage saurin kwamfutar sau 4, ya naɗi yadda ake jan shafin. In sanduna masu launin shunayya da ke ɗauke da Layout sun yi jerin gwano da jar alama a kusurwa, an kama ɓarawo, har layin da ya jawo zai nuna.

Gyaran ba ya cin kuɗin kaya, lokacinsa kawai yake ci. Ya yi duk awonsa a tashi ɗaya, sannan canje-canjen su biyo baya cikin requestAnimationFrame. Abin da zai motsa, ya motsa shi da transform maimakon top da left. Kowane hoto a rubuta masa faɗi da tsawo. Ni dai da zan zaɓa, da rage kayan zan fara: talatin a shafi ɗaya sun isa, ba wanda ke zazzage wa baƙo dukan dila.

Batun biya kuwa, ku yi yarjejeniya a kan awo. Tun Maris 2024 Google ke amfani da ma'aunin INP wajen duba saurin amsawar shafi bayan an danna, kuma milisakan 200 ko ƙasa da haka shi ne mai kyau. Ya nuna miki lambar kafin gyara da bayansa. Ki ba shi rabi yanzu, sauran rabin bayan kin gwada da wayar yaron shagonki, ba da tasa ba.