Makunnin waya, fitila mai gano motsi da injin shara: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon duk sun shafi kayan lantarkin zamani da ake tallata cewa suna tafiyar da gida da kansu, kuma duk daga karkara suka fito. Yawancin kayan nan an ƙera su ne domin gidajen da wuta ba ta ɗaukewa kuma intanet ba ya yankewa, saboda haka ma'aunin da zan riƙa ɗora kowanne a kai shi ne abin da zai iya yi a ranar da babu wuta kuma babu sabis.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye na yankin Babura. Ɗana da ke aiki a Kano ya sa mana sola da inbata, kuma muna da rijiyar burtsatse mai injin doki ɗaya. Yanzu yana so ya sayo makunnan da ake sarrafawa ta waya domin fitilu da injin ruwan, saboda tankin yakan cika ya yi ta zuba babu wanda ya lura. Shin ya dace mu saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya yi wa yaron albarka. Tambayarka biyu ce a haɗe, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce, don haka bari mu fara da tankin.

Ambaliyar tanki ba ta buƙatar waya ko intanet. Abin da take buƙata shi ne makunnin da masu aikin famfo ke kira fulotin suwic, wato wani ɗan kwando na roba a rufe, mai doguwar waya, wanda ake ratayawa a cikin tanki. Idan ruwa ya yi ƙasa sai ya sunkuya ya kunna inji, idan ruwa ya ɗago shi sai ya miƙe ya kashe, kuma akwai wani ɗan nauyi a jikin wayar da ake matsarwa sama ko ƙasa domin a ƙayyade iyakar da ruwan zai kai. Makunnin waya kuwa bai san ko tanki ya cika ba, sai dai mutum ya tuna ya danna, kuma mantuwar ce asalin matsalarku.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan nauyi. Ƙananan makunnan nan, irin Sonoff Basic, an rubuta a jikinsu cewa suna ɗaukar amfiya 10, shi kuwa injin doki ɗaya kimanin wat 750 ne, don haka a lissafi sai a ga kamar babu laifi. Sai dai inji mai juyawa yakan fizgi wuta ninkin wadda yake ci sau da yawa a daidai lokacin tashinsa, kuma wannan fizgar ce ke ƙona 'yan ƙarafan da ke haɗuwa a cikin makunnin, har wata rana su manne, a danna kashewa injin ya ƙi mutuwa. Ko da fulotin ne, ko makunnin waya, ka ce wa mai wayarin ya sa kwantakta, wato babban makunni mai jure wuta mai nauyi, a tsakani, domin ita ta ɗauki nauyin injin, makunnin kuma ya tsaya a ba ta umarni kawai. Tun da sola kuke amfani da ita, a haɗa da ɗan agogon kunnawa domin injin ya riƙa aiki daga hantsi zuwa azahar, lokacin da rana ke ba da wuta, kada ya tashi da dare ya zuƙe batir.

Batun fitilu kuwa, makunnin waya yana da amfaninsa, amma da sharuɗɗa. Yawancin waɗanda ke kasuwa da Wi-Fi suke aiki, ta manhajar Smart Life ko eWeLink, kuma zangon 2.4 GHz kaɗai suke kamawa, kuma dole a samu rauta ko mifi, na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, da ke kunne dare da rana. Idan kana wajen gida, umarnin da ka bayar sai ya bi ta intanet ya je kwamfutocin kamfanin kafin ya dawo ɗakinka, saboda haka ranar da sabis ya ɗauke ko data ta ƙare, ba za ka iya sarrafa shi daga nesa ba. Kaurin katangar ƙasa ma yana rage ƙarfin Wi-Fi ƙwarai, ta yadda rautar da ke zaure ba lallai ta isa ɗakunan cikin gida ba. Sannan kafin a sayi ko ɗaya, mai wayarin ya kashe wuta ya buɗe makunnin bango ya duba. A yawancin gidajenmu waya mai wuta da wadda ke tafiya zuwa ƙwan fitila kaɗai ke saukowa wurin, ita nutural, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, tana can sama a silin, alhali makunnin zamani yana buƙatarta domin shi ma wuta yake ci. Akwai waɗanda ba sa neman nutural, amma sukan sa ƙananan ƙwayayen fitila su riƙa ƙyaftawa sai an ƙara musu wata 'yar na'ura da ake kira kafasita.

Idan abin da kake so kawai shi ne ka kunna fitilar tsakar gida daga kan shimfiɗarka, makunni mai rimot ya wadatar, domin shi ba ruwansa da data. Idan kuma yaron ne ke son ya riƙa kunnawa daga Kano, akwai wanda ake sa wa layin waya, a kira shi ko a tura masa saƙo ya kunna, sai dai a riƙa kula da layin domin wanda aka daɗe ba a taɓa ba kamfani na iya rufe shi. Duk wanda kuka zaɓa, idan gidan yana haɗe da layin KEDCO ta canjoba, a fara sa na'urar da ke yanke wuta idan ta haura ko ta gaza ƙima, domin waɗannan kayan ba sa jure wutar da ta zo da ƙarfi, balle tsawar damina.

Tambaya: Ina zaune a wani gari kusa da Gaya, ina kiwon tumaki da kaji a bayan gida. An yi mini ɓarna da dare, sai aka ba ni shawarar in sayi fitila mai gano motsi da ƙararrawa. Wace iri zan nema?

Amsa: Hajiya, Allah ya mayar da alheri, ya kuma tsare gaba. Na'urar da ke jikin irin wannan fitila ba gani take yi ba, ɗumin jiki take ji idan ya gifta ta gabanta, kuma ba ta bambance ɗumin mutum da na tunkiya. Idan aka fuskantar da ita ga turke, za ta kwana tana kunnawa tana kashewa, ƙararrawar kuma ta yi ta tashin mutanen gida har su gaji su cire ta. A kafa ta sama da tsayin mutum kaɗan, kimanin mita biyu zuwa biyu da rabi, tana kallon hanyar da mai shigowa zai ratsa, kamar gindin katanga ko ƙofar baya, kuma ta fi kama wanda ya gifta ta gefe a kan wanda ya nufo ta kai tsaye. Ki sani kuma cewa a watannin bazara, lokacin da katanga ke riƙe zafin rana har cikin dare, bambancin ɗumin mutum da na wurin yakan ragu, sai ta yi nauyin ji.

Ki nemi mai farantin sola da batir a jikinta, wadda ba ta jiran wutar gwamnati, a riƙa goge farantin da tsumma a lokacin hunturu. A ƙofar akurki da ta garke kuwa ƙararrawa mai maganaɗisu ta fi dacewa: ɓangare ɗaya a jikin ƙyaure, ɗaya a jikin ƙofa, da zarar sun rabu ta yi ƙara, kuma ƙaramin batir ke riƙe ta watanni.

Ba ki tambaya ba, amma zan ƙara, domin a ganina akwai na'urar da ta fi waɗannan cancantar kuɗi a gidajenmu. Hayaƙin janareta da garwashin da ake shiga da shi ɗaki a kasko lokacin sanyi suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutane cikin barci. Akwai ƙaramar ƙararrawa mai batir da ke gano ta, wadda ake sawa a ɗakin kwana. Masu girki da tukunyar gas kuma na'urarsu daban ce, kuma ƙasa-ƙasa ake kafa ta kusa da daɓe, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya.

Tambaya: Mahaifiyata tana zaune a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, ciwon baya ya hana ta sunkuyawa. Na ga injin nan mai zagaya ɗaki yana shara da kansa, ina so in saya mata.

Amsa: Allah ya ba mahaifiyarka lafiya, ya saka maka da alheri, amma ina ganin kada ka saya tukuna. Tun da kamfanin iRobot ya fito da Roomba a 2002 an inganta injin nan ƙwarai, sai dai har yau ɗakin da yake so shi ne mai tayil ko siminti mai santsi, a shimfiɗe, babu tarkace. A daɓen ƙasa ɗakin kansa zai riƙa kankara yana zuƙa. Tabarma da bakin leda da gezar darduma suna naɗe masa buroshi, wayar caja ma haka, kuma yawancinsu ba sa haura dokin ƙofar da ya wuce santimita biyu, alhali namu mukan ɗaga shi domin ruwan damina. Tsakar gida, wadda ita ce babbar sharar, ba wurinsa ba ce sam.

Mazubin sharar da ke cikinsa da ƙyar ya kai ledar fiya wata girma. A lokacin hunturu, da ƙurar da ke shigowa ta taga da rairayin da ƙafa ke kwasowa, sai an zazzage shi kullum an kakkaɓe matatarsa, kuma duk wannan a sunkuye ake yinsa, wato abin da kake so ka raba ta da shi. Matatar da buroshin kuma suna ƙarewa, ga batir da ke raguwa bayan 'yan shekaru, don haka wanda zai saya ya fara tambayar mai kaya a Sabon Gari ko yana da kayan canjinsa. Wasu daga cikin masu tsadar suna ɗauke da kyamara da ke haɗe da intanet, abin da ya kamata magidanci ya yi tunani a kansa kafin ya sake shi a ɗakin iyali. Da kuɗinsa za ka iya gyara mata daɓen ɗakin, ka sa raga da labule mai kauri a taga, ka sayi tsintsiya mai doguwar sanda da mofa, ka kuma ware wani abu duk wata ga yarinyar da za ta riƙa share mata tsakar gida. Wanda ke da falo mai tayil da sola tsayayya a cikin gari, shi zai iya cin moriyarsa.

Tambaya: Wani ɗan'uwa zai aiko mini da irin waɗannan kaya na hannu daga Amurka, ya ce sun fi araha. In karɓa?

Amsa: Ka ce ya ɗauki hoton rubutun da ke bayan kowanne ya turo maka kafin ya biya kuɗin jirgi. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230, saboda haka duk abin da aka rubuta wa 120V kaɗai zai ƙone da zarar an jona shi, sai wanda aka rubuta wa 100-240V. Makunnan bangonsu kuma dogaye ne, ba sa zama a akwatin bangonmu mai kusurwa huɗu daidai, kuma araha ba ta ado idan sai an fasa bango. Ka tabbatar kuma mai kayan na farko ya cire su daga asusunsa na manhaja, domin wasu ba sa yarda a ɗaura su a sabuwar waya matuƙar suna rajiste da sunan wani.