Amsa ga mai tambaya kan SSD mai araha na tsohuwar EliteBook

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce kana da HP EliteBook 8470p mai RAM gigabait 4 da tsohon faifai mai juyawa na gigabait 500, tana ɗaukar lokaci kafin ta tashi, kuma kana son sauya shi da SSD, wato ma'ajin bayanai na zamani da ba ya juyawa, kana tsakanin Kingston A400 da Crucial BX500 masu gigabait 240, sannan wani ya ba ka shawarar ka ƙara kuɗi ka sayi NVMe, wani nau'in SSD, tunda ya fi gudu. Na daɗe ina sauya wa mutane irin waɗannan kwamfutocin na hannu, bari in faɗa maka abin da na gani.

Batun NVMe ka ajiye shi gefe. 8470p ƙirar 2012 ce, ba ta da ramin M.2 da zai shiga. Abin da take karɓa shi ne SSD mai inci 2.5 da ake jonawa ta mahaɗin SATA, girmansa ɗaya da faifan da ke cikinta yanzu. SATA kuwa iyakar gudunsa wajen megabait 550 ne a daƙiƙa, ko wane kamfani ya ƙera. Shi ya sa lambobin da ake bugawa a bayan kwali, wannan 500 wancan 540, kada su ɗauke maka hankali. Saurin da za ka ji a hannunka daga wani wuri yake zuwa: tsohon faifai sai allurarsa ta yi tafiya ta nemo kowane ƙaramin fayil, SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa. Windows kuma dubban ƙananan fayiloli take buɗewa idan za ta tashi. Ko wanne ka saka a cikin biyun nan, ranar farko za ka rantse sabuwar kwamfuta aka ba ka.

A400 da BX500 kusan tagwaye ne. Dukansu ba su da DRAM, wato ɗan guntun ma'ajin da ke riƙe taswirar inda kowane bayani yake, dukansu garantin shekara 3 kamfani ya rubuta musu, kuma masu 240 ɗin an ƙiyasta za su ɗauki rubutun terabait 80. Idan kana rubuta gigabait 20 kullum, sai ka haura shekara goma kafin ka kai wannan adadi. Kwamfutar za ta riga shi gajiya. Inda rashin DRAM ke bayyana shi ne lokacin da kake kwafar babban kaya, misali bidiyon biki na gigabait 40 ko 50: zai fara da gudu, can sai ka ga ya faɗo ƙasa warwas, wani lokaci har ya yi daidai da tsohon faifai. Mai aikin Word da Excel da intanet da ƙyar zai lura. Idan kana haɗa bidiyo, ka daure ka nemi Samsung 870 EVO ko Crucial MX500, su suna da DRAM da garantin shekara 5.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne 240 ɗin. Bayan ka ɗora Windows da Office da sabuntawarsu, ka zuba hotuna da karatuttuka, sai ka ga jan layin da ke nuna ya kusa cika ya fito. Irin waɗannan masu araha kuwa idan suka cika suna yin nauyi sosai, domin wurin da babu komai shi suke aro su yi saurin rubutu da shi. Ka nemi 480 ko 500, ka riƙa barin kamar kashi ɗaya cikin biyar fayau. Idan aljihu bai kai ba, akwai dabara: ka sayi 240 ɗin don Windows kaɗai, ka cire na'urar DVD, ka saka tsohon faifanka a gurbinta da ƙaramin akwatin nan da 'yan kasuwa ke kira kadi. Ka tafi da kwamfutar a gwada kaurinsa, don akwai mai milimita 9.5 akwai mai 12.7.

Sai babbar magana, jabu. Ko a Farm Centre ta Kano kake, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, akwai masu gaskiya akwai waɗanda ba su san ma abin da aka kawo musu ba. Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini SSD da aka rubuta terabait 1 a jikinsa, da tambarin babban kamfani, an sayar masa da shi ƙasa da kuɗin mai 240. Da muka buɗe murfin, wani ɗan allo ne kamar na filashi a maƙale a kusurwa da gam, sauran duk iska. Kwamfuta tana nuna terabait 1, amma duk abin da ya wuce ainihin girmansa lalacewa yake yi, kuma aikin digirinsa na ciki. Wallahi har yau abin yana ɓata mini rai.

Don haka kafin ka biya, ka sa a jona shi a gabanka a buɗe CrystalDiskInfo, manhajar da ke nuna bayanan faifai da lafiyarsa. Ka duba lambar siriyal ta dace da ta jikin kwali, ka duba awannin da ya yi a kunne da yawan abin da aka taɓa rubutawa a kansa. Sabo bai kamata ya nuna ɗaruruwan awanni ba. Wannan ba ya kama kowane jabu, shi ya sa idan ka koma gida, kafin ka zuba komai naka, ka bar manhajar gwaji ta H2testw ta cika shi da bayanai ta sake karantawa. Za ta ci awanni, ka bar ta ta kwana tana yi. Ka kuma karɓi rasit da sharaɗin canji a rubuce, domin a nan garantin mai shago shi ne wanda za ka iya bi a aikace.

Abu biyu kuma da suka shafi na'urarka. RAM gigabait 4 ya yi kaɗan, idan ya cika, a kan SSD Windows take juye ragowar. Kwamfutar tana da ramin RAM biyu na DDR3, ka ƙara ɗaya ta zama 8. Da a ce ni ne, zan ɗauki BX500 ko A400 mai 480, duk wanda amintaccen mai shagona ke da shi, in sa canjin a RAM, maimakon in zuba kuɗin duka a Samsung in bar ta da 4. Sannan ka duba batirinta. Idan ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta kwamfutar mutuwa za ta yi tana tsakiyar rubutu, kuma SSD masu araha ba su da kariyar wannan. SSD ba ya yin ƙara ya gargaɗe ka kamar tsohon faifai, rana ɗaya kawai za ka kunna ka ga ba ya nan, saboda haka muhimman takardunka su kasance suna da kwafi a wani wurin.

Ranar sakawa ka danna F10 da zarar ka kunna ta don ka shiga saitin kwamfutar, ka tabbatar SATA yana kan zaɓin AHCI, kuma ka ɗora Windows sabuwa fil maimakon ka kwafo tsohuwar da tarkacenta. Idan ka je shagon, turo mana hoton abin da CrystalDiskInfo ta nuna kafin ka miƙa kuɗi, mu duba tare.