Ɗana mai otizim baya zama wuri ɗaya, wata lalurar ce daban?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, barka da aiki. Ɗana shekararsa 7, tun yana ɗan shekara 4 aka ce mana otizim gare shi, lalurar nan dake shafar magana da mu'amala da mutane. Yanzu abinda ya dame mu ƙiriniya ce, baya zama ko na minti biyu, malamarsu tace tashi yake yana zagaye aji, ana magana hankalinsa na wani wurin. Ƙawata tace ADHD ne, wato lalurar rashin natsuwa da kasa maida hankali, mu nemi magani, babansa kuma yace duk otizim ɗin ne ba wani abu ba. Dan Allah wanne ne gaskiya? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba shi lafiya.

Toh maganar da babansa yayi ita likitoci ma suka daɗe suna yi. Littafin nan DSM na tantance lalurorin ƙwaƙwalwa da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ke fitarwa, bugun 1994 cewa yayi in dai yaro na da otizim to ba a ƙara masa ADHD a kai, duk rashin natsuwar a jingina ta ga otizim ɗin. Sai a 2013 da bugu na 5 ya fito aka janye wannan sharaɗin, dan bincike ya riga ya nuna yaro ɗaya na iya ɗauke da biyun. A 2008 Farfesa Emily Simonoff da abokan aikinta a Landan sun duba yara 112 masu otizim, ƴan shekara 10 zuwa 14, suka samu kashi 28 cikin 100 na da ADHD, kashi 70 kuma na da aƙalla wata lalura guda bayan otizim ɗin. A 2019 an tattara bincike masu yawa a mujallar Lancet Psychiatry, nan ma kashi 28 ɗin aka samu. A Suwidin kuma an bi bayanan mutum kusan miliyan 2, aka ga lalurorin biyu suna bin dangi tare, wato akwai gado a ciki. Kinga ba tarbiyyarki bace ta gaza, kuma duka ba zai zaunar da shi ba, tsoro kawai zai ƙara masa.

Amma ba kowace ƙiriniya bace ADHD, nan ne nake so ki tsaya ki lura da kyau. Yaron da otizim kaɗai gare shi zaki ga ya zauna ya daɗe yana jera murafen kwalba layi layi ko ya ƙura wa fanka ido, ki kira sunansa sau uku bai juyo ba, hankalin nasa na nan, maƙalewa yayi a abinda yake so ya kasa barowa. Wanda ADHD ta haɗu masa kuwa ko abinda yake so ɗin baya daɗewa a hannunsa, ya ɗauki mota ya yar, ya haye kujera ya diro, ya fizge abin hannun ƙanwarsa, a buɗe ƙofa ya ruga titi bai duba ba, kuma a gida haka, a makaranta haka, gidan kakarsa ma haka. Kada ki auna da wasan waya, dan mai ADHD ma yana iya daɗewa a kan waya.

Kafin in ce ADHD ne sai na tambayi barcinsa, dan yara masu otizim da yawa basa samun isasshen barci, kuma yaron da bai yi barci ba da rana rawar kai yake ba gyangyaɗi ba. Sai a gwada jinsa. Sai a duba farfaɗiya, ta fi yawa a masu otizim, kuma akwai irin wadda yaro baya faɗuwa, ɗaukewa kawai yake na ƴan daƙiƙai ido a buɗe malama ta zaci baya saurare ne. Ciwon haƙori ko taurin bayan gida ma na hana yaron da baya iya faɗin inda ke masa ciwo zama. Ga kuma ajin kansa, in yara sun yi yawa ga hayaniya ga zafi ga malama na zuba dogon bayanin da baya ganewa, tashin da yake yi gudun wahala ne.

Batun magani, akwai, yana kuma taimako, sai dai ba kamar yadda yake wa masu ADHD kaɗai ba. A 2005 an gwada methylphenidate, wanda aka fi sani da Ritalin, a kan yara 72 masu otizim da ƙiriniya a Amurka, kashi 49 suka samu sauƙi sosai, kashi 18 kuma sai da aka tsayar musu saboda illa, musamman saurin fushi. A yaran da basu da otizim wajen 7 cikin 10 ne ke samun sauƙi. Yana kuma rage cin abinci da barci, yaron da dama zaɓen abinci gare shi kinga dole a riƙa ɗora shi a sikeli. Akwai atomoxetine, akwai guanfacine da aka gwada a 2015 kan yara 62, rabin waɗanda aka ba maganin suka ji sauƙi, shi kuma barci yake sawa yana kuma saukar da jini. Shi yasa ake farawa da ɗan kaɗan a ƙara a hankali, likita na bi. Dan Allah kada a saya a kemis, kada kuma a karɓi na ɗan wata.

A gida ki riƙa ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, "ɗauko takalminka", in ya kawo ki yaba masa nan take sannan ki faɗi na gaba. Ki roƙi malamarsu ta zaunar da shi gaba nesa da taga, ta riƙa aikensa goge allo ko raba littafi dan ya samu motsi da izini.

Tunda kina Zariya ki kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya dake Barnawa a Kaduna, ki ce likitan da ke ganin yara kike nema. Kafin ranar ki rubuta lokacin kwanciyarsa da tashinsa na sati biyu, ki ɗauki ɗan bidiyonsa a waya yana wasa, malamar ta rubuto abinda take gani a aji, kuma in da hali ku tafi tare da babansa dan shi ma za a tambaye shi abinda yake gani.